Yadda Ake Haɗa Lasifikoki Da Yawa A Kan Amfilifaya Ɗaya

A wani masallacin unguwa da aka taɓa kirana in duba musu kayan sauti, an ɗora lasifikar ƙaho guda huɗu a saman gini, kowace tana fuskantar kusurwa ɗaya, kuma kowace an rubuta mata om 8 a jiki. Wanda ya yi haɗin ya tattara jajayen wayoyin huɗu ya murɗe su wuri guda, ya tattara baƙaƙen ya yi musu haka nan, sannan ya ɗaure su a bayan amfilifaya inda aka rubuta om 8. Wata da watanni ana kiran salla lafiya lau, domin kiran salla 'yan mintoci ne. Da azumi ya kama aka fara tafsiri na sa'a guda, sai amfilifayar ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar karatu, murfinta ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Jama'a suka ce jabu aka sayo musu. Alhali amfilifayar ba ta da laifi ko kaɗan, nauyin om 2 aka ɗora mata a gurbin da aka gina ta don om 8.

Wannan kuskure shi ne aka fi yi, kuma maganinsa lissafi ne da ake yi a takarda tun kafin a kama waya. Amfilifaya ce ke da ta cewa. Ita za a fara tambaya nawa za ta iya ɗauka, sannan a tsara lasifikokin su dace da ita.

Abin da om yake nufi a nan

Cikin kowace lasifika akwai koyil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa, wanda yake zaune a tsakiyar maganaɗisu yana tura faifan lasifikar gaba da baya. Wannan koyil yana yi wa lantarki turjiya, kuma da om ake auna turjiyar, sunan da aka ɗauko daga Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya wallafa dokarsa a shekarar 1827. Lasifikokin kasuwa galibi om 4 ne, ko 8, ko 16. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, duk lokacin da turjiya ta ragu, lantarkin da amfilifaya za ta tura ƙaruwa yake yi. Amfilifaya mai wat 100 a kan om 8 tana fitar da kimanin bolt 28, lantarkin da ke gudana kuma amfiya uku da rabi ne. Idan aka sauko da nauyin zuwa om 4, amfiya 7 za a nema a wurinta. Idan aka kai shi om 2, amfiya 14 ke nan, ninki huɗu na abin da aka yi ta dominsa. Wannan rarar ce take zama zafi a jikin taransistocinta, har ta kashe kanta idan tana da kariya, ko ta ƙone idan ba ta da ita.

Mataki na farko: karanta bayan amfilifaya

A juya amfilifayar a duba kusa da inda ake ɗaura wayar lasifika, ko a duba takardar da ta zo da ita. Za a ga an rubuta mafi ƙarancin om da take ɗauka, misali om 4 zuwa 16. Wannan lamba ta ƙasa ita ce iyaka, ba a sauka ƙasa da ita. Hawa sama da ita ba ya cutar da amfilifaya mai taransista, sauti ne kawai zai ragu. Idan amfilifayar mai ɓangare biyu ce, hagu da dama, kowane ɓangare lissafinsa daban, kuma raba lasifikoki huɗu biyu-biyu a kan ɓangarorin ya fi tara su a kan ɗaya. Idan kuwa an game ɓangarorin biyu sun zama ɗaya, abin da masu sauti ke kira birij, kowane ɓangare rabin nauyin yake gani, don haka amfilifayar da ke ɗaukar om 4 a kowane ɓangare om 8 take buƙata a birij, sai dai in takardarta ta faɗi akasin haka.

Tsohuwar amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashi da ake amfani da su kafin zuwan taransista, irin wadda masu kaɗa gita har yanzu suke so, hukuncinta daban ne: dole nauyin ya yi daidai da lambar da aka zaɓa a bayanta, kuma ba a kunna ta babu lasifika a jiki, domin taransifomarta na iya lalacewa.

Mataki na biyu: auna kowace lasifika ita kaɗai

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna om, batir ɗaya mai bolt ɗaya da rabi, filaya, dalma da ƙarfen narka ta, salatif, da alƙalamin da zai yi rubutu a jikin ƙarfe. A cire lasifika daga kowane irin haɗi, a sa mita a mafi ƙanƙantar ma'aunin om, a fara haɗa bakunan mitar biyu da juna a ga abin da ta nuna, domin wayoyin mitar kansu suna da 'yar turjiya da za a cire daga sakamako. Sannan a ɗora su a ƙafafun lasifikar.

Kada a yi mamaki idan lasifika mai om 8 ta nuna shida ko shida da rabi, ko mai om 4 ta nuna uku da ɗoriya. Haka ya kamata. Mita lantarkin batir take turawa, wanda ba ya kai da komowa, shi kuwa sauti kai da komowa yake yi, kuma turjiyar da koyil ke yi masa ta fi haka, tana ma canzawa daga kauri zuwa sirancin murya. Lambar da ke jikin lasifika matsakaiciya ce da aka amince a yi lissafi da ita. Wannan awo yana da muhimmanci musamman ga lasifikar da aka taɓa kai wa mai naɗi, domin sabon koyil ba lallai ya fito daidai da na asali ba, rubutun jikinta kuwa yana nan yadda yake.

Daga nan sai a tabbatar da ƙafar da take mai alamar + da wadda take mai alamar −. A taɓa ƙafafun da batir na ɗan lokaci kaɗan ana kallon faifan. Idan ya turo waje, ƙafar da ke kan + na batir ita ce +. Idan ya shige ciki, a juya. A yi alama nan take. Wannan gwaji na manyan lasifikoki ne masu faifan da ake gani. Ƙaramar lasifikar siririn sauti, wato tuwita, da kan lasifikar ƙaho, alamar da kamfani ya yi musu za a bi, domin motsinsu ba ya ganuwa kuma koyil ɗinsu ba shi da juriya.

Mataki na uku: zaɓi irin haɗin

Haɗi iri biyu ne, na uku kuma gamin gambizarsu ne.

Haɗin jeri, wanda masu gyara ke ce wa siris, shi ne lantarki ya ratsa lasifika ta farko ya fita ya shiga ta biyu kafin ya koma gida. Waya tana tashi daga + na amfilifaya zuwa + na lasifika ta farko, wata gajeriyar waya daga − na ta farko zuwa + na ta biyu, sannan daga − na ta biyu a koma − na amfilifaya. Lissafinsa tarawa ce kawai: om 8 da om 8 sun zama 16, om 4 da om 4 sun zama 8. Amfilifaya tana samun sauƙi, amma ƙarfin da take bayarwa yana raguwa. Wadda ke ba da wat 100 a om 8 kimanin wat 50 za ta bayar a om 16, kowace lasifika ta tashi da 25. Aibinsa kuma shi ne, idan koyil ɗin guda ɗaya ya yanke, duka layin ya yi shiru.

Haɗin kafaɗa da kafaɗa, wanda ake ce wa faralel, shi ne duk ƙafafun + su haɗu a waya ɗaya, duk ƙafafun − su haɗu a ɗayar. Idan lasifikokin om ɗinsu ɗaya ne, sai a raba om ɗin guda ɗaya da yawansu: biyu masu om 8 sun zama 4, uku sun zama 2.7, huɗu sun zama 2. Idan biyu ne masu om daban-daban, a ninka lambobin biyu da juna, a raba sakamakon da jimillarsu. Om 8 da om 4 sun ba da 32, a raba da 12, an sami kusan 2.7. A lura cewa amsar a kullum ƙasa take da mafi ƙanƙantar lamba a cikin haɗin. Wannan haɗi shi ne ke ƙara sauti, shi ne kuma ke ƙona amfilifaya.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Akwatunan sauti na haya, irin na biki da taro, yawanci suna da soket biyu a baya, ana shigar da waya ta ɗaya a fitar ta ɗayar zuwa akwati na gaba. A ido kamar jeri ne, tunda ga su nan ɗaya na bin ɗaya, amma a cikin akwatin soket biyun kafaɗa da kafaɗa aka haɗa su. Wanda ya jona akwati huɗu masu om 8 ta wannan hanya, om 2 ya ɗora wa amfilifayarsa ko da bai murɗe waya ko ɗaya ba.

Haɗi na uku shi ne mafita ga lasifikoki huɗu. A ɗauki biyu a jera su, su zama om 16. A ɗauki sauran biyun a jera su, su ma 16. Sai a haɗa layukan biyu kafaɗa da kafaɗa, 16 a raba da biyu, an dawo om 8 cif. Amfilifaya tana ganin nauyin da ta saba, wat 100 ɗinta kuma ya rabu huɗu daidai wa daida. Abin da na yi wa ƙahonin masallacin nan ke nan, ba a sayi komai ba sai 'yar waya. Dabarar tsohuwa ce: akwatin gita mai lasifika huɗu 'yan inci 12 da kamfanin Marshall na Ingila ya yi suna da shi tun shekarun 1960, lasifikoki masu om 16 ne a ciki da ake haɗawa ta wannan hanya akwatin ya tsaya a om 16, in kuma aka haɗa su duka kafaɗa da kafaɗa ya koma om 4.

Lasifika shida masu om 8 ma suna haɗuwa lafiya: layi uku na biyu-biyu sun ba da om 5.3, wanda amfilifaya mai ɗaukar om 4 za ta karɓa, ko layi biyu na uku-uku su ba da om 12. Uku ce mai wahalar sha'ani. In an jera biyu aka haɗa ta ukun a kafaɗarsu, lissafi zai nuna om 5.3, lamba mai kyau a takarda, amma ita ta ukun za ta kwashe kashi biyu cikin uku na ƙarfin, sauran biyun su raba ragowar, wato tana shan ninki huɗu na abin da kowacce cikinsu ke samu. Ita za ta fi ƙara, ita kuma za ta fara mutuwa. A ganina, wanda yake da uku masu om 8 gara ya nemo ta huɗu ko ya ajiye ɗaya.

Wannan rashin adalci a rabo shi ne dalilin da ya sa ba a son gauraya lasifikoki mabambanta. A kafaɗa da kafaɗa, mai ƙaramin om ce ke jan kaso mafi yawa. A jeri, mai babban om ce. Ko da om ɗinsu ɗaya ne a rubuce, idan girmansu da ƙirarsu sun bambanta, a haɗin jeri kowace tana taɓa rabon 'yar'uwarta yayin da turjiyarta ke hawa da sauka, sautin ya fito ba daɗi. Don haka jeri na lasifikoki iri ɗaya ne. Wajen lissafin wat kuma, mafi rauni ake dubawa: lasifika huɗu da uku cikinsu ke ɗaukar wat 100, ɗaya kuma 50, jimillar abin da za su jure wat 200 ne, ba 350 ba. Lambar da aka rubuta wa RMS, wato wat ɗin da lasifika ke iya jurewa tana aiki ba tsayawa, ita ce abin dogaro. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali da sunan PMPO na talla ne.

Mataki na huɗu: ɗaura wayoyi

A kashe amfilifaya a zare ta daga wuta. A zana haɗin a takarda da alamomin + da − na kowace lasifika, a riƙa soke kowace waya a zanen bayan an ɗaura ta. A feƙe bakin waya kamar santimita ɗaya, a murɗe silin, a shafa masa dalma, a shafa wa ƙafar lasifikar, sannan a haɗa su da zafi na 'yan daƙiƙu. Kada a daɗe da ƙarfen a kan ƙafar, domin siririyar wayar da ke tafiya zuwa koyil na iya sakewa ta baya. Haɗin dalma mai kyau sumul yake yana sheƙi. Wanda ya yi dunƙule ya dushe, a sake shi. A cikin akwati a ɗaure wayoyin kada su riƙa dukan faifai, a waje kuma a naɗe kowane haɗi da salatif a juya shi ƙasa yadda ruwan damina ba zai kwanta a ciki ba. Sili ɗaya tak da ya tsere daga jar waya ya taɓa baƙa ya isa ya kashe amfilifaya.

Juya ƙafa ɗaya ba ya ƙona komai, kuma mita ba za ta nuna shi ba, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. Abin da ke faruwa shi ne faifai ɗaya yana turowa lokacin da ɗayan ke janyewa, sai kaurin sautin ya cinye kansa, a ji kiɗa ya zama fayau kamar daga gwangwani. Bayan an gama haɗi, idan manyan lasifikoki ne masu faifan da ake gani, a taɓa wayoyin biyu da za su tafi amfilifaya da batir ɗin nan: dole faifan duka su turo waje tare.

Kaurin waya yana shiga lissafi idan tafiyar da nisa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana da turjiyar kimanin om 12 a kowace kilomita. Tsawon mita 50 zuwa da dawowa mita 100 ne, om 1.2 ke nan. A kan nauyin om 4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin amfilifaya a jikin waya zai ƙare. Mai kaurin 2.5 tana rage asarar sosai. Wayar alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda in aka kankare ta ake ganin fari a ciki, turjiyarta ta fi haka, saboda haka sai an ƙara mata kauri.

Tuwita da babbar lasifika

Wannan lissafi duka na lasifikokin da ke aiki iri ɗaya ne. Tuwita ba a jona ta kai tsaye a kafaɗar babbar lasifika, domin kaurin sauti zai ƙona ta. Ana sa mata na'urar raba sauti, mafi sauƙinta kuwa kafasita ce mara ƙafar + da − da ake jerawa da ita. Kafasita mai maikurofarad 4, wato ma'aunin girmanta, a kan tuwita mai om 8 tana fara rage duk abin da ke ƙasa da kimanin haz 5,000, haz kuwa ma'aunin sirancin sauti ne. Da yake kowace tana aiki a nata yankin, babba mai om 8 da tuwita mai om 8 da aka raba musu sauti om 8 ake lissafa su, ba 4 ba. Amma idan aka ƙara tuwita ta biyu a kafaɗar ta farko a bayan kafasita ɗaya, om ya koma 4, wurin rabuwar ya tashi zuwa wajen haz 10,000, a rasa wani yanki na siririn sauti. Gara kowace tuwita ta sami kafasitarta.

Lasifikar mota mai koyil biyu kuwa, mai ƙafafu huɗu, a ɗauke ta tamkar lasifika biyu a jiki ɗaya: koyil biyu masu om 4 suna ba da 8 a jeri, 2 a kafaɗa da kafaɗa.

Idan lasifikokin sun yi yawa ko sun yi nisa

Ga makaranta mai azuzuwa goma, ko tashar mota, ko babban masallaci mai ƙahoni a hasumiya da lasifikoki a ciki da harabar mata, jeri da kafaɗa ba za su fitar da mutum ba. Abin da ya dace shi ne layin bolt 100, wanda a Amurka bolt 70 suke amfani da shi. Amfilifayoyin sanarwa da yawa suna da wannan ƙafa a baya, kusa da waɗanda aka rubuta wa COM da 4 da 8 da 16. Kowace lasifika tana da ƙaramar taransifoma mai zaɓin wat, misali 5 ko 10 ko 15 ko 30, kuma dukansu kafaɗa da kafaɗa ake haɗa su a kan waya biyu da suka zagaye ginin. A nan an daina lissafin om, wat ake tarawa, kuma ana so jimillar ta tsaya a wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin amfilifaya. Mai wat 120 za ta ɗauki lasifika shida da aka sa a 15, jimilla 90, hankali kwance. Lasifikar da aka sa a wat 30 turjiyar om 333 take nuna wa layin, don haka om 1.2 na doguwar wayar nan ba ya cin komai. Wani amfanin kuma, ana iya ba ƙahon waje 30, a ba ta cikin ɗaki 5, kowace da ƙarar da ta dace da wurinta. Sharuɗɗan su ne kada a taɓa jona lasifika mara taransifoma a ƙafar bolt 100, kada a yi amfani da ƙafar bolt 100 da ta om 8 a lokaci guda, kuma kada a kama wayar ana magana, domin tana jan mutum.

Mataki na ƙarshe: gwaji

Kafin a ɗaura a amfilifaya, a auna wayoyin biyu na ƙarshe da mita. Idan lasifika ɗaya ta nuna 6.5, huɗun da aka yi wa gamin jeri da kafaɗa su ma wajen 6.5 za su nuna, da ɗan ƙarin turjiyar waya. In an ga 1.6, duka kafaɗa da kafaɗa suke. In an ga 26, duka jeri ne. In an ga kusan sifili, waya ta taɓa waya. Idan awon ya yi daidai, a mayar da makunnin ƙara ƙasa gaba ɗaya, a kunna, a ɗaga a hankali, a bi lasifikokin ɗaya bayan ɗaya ana sa kunne. A bar ta tana aiki kamar minti ashirin a ƙarar da za a riƙa amfani da ita, sannan a ɗora hannu a murfin. Ɗumi ba laifi ba ne, zafin da ke korar hannu alama ce ta a koma kan lissafi ko a duba ko iska na ratsa ta.

A rubuta lambar da mita ta nuna a kan salatif a manna a bayan amfilifayar. Ranar da sauti ya ragu, sai a kwance wayoyin a sake aunawa daga ƙasa ba tare da an hau rufi ba: idan 6.5 ta koma 13, koyil ɗaya ya yanke ya tafi da abokin layinsa, kuma ƙahoni biyun da suka yi shiru su za a sauko da su a auna.